Kundin Shirya Tsohuwar Corolla Domin Sanyin Montreal

Asabar, 7 ga Oktoba, 2023

Motar da nake shiryawa Toyota Corolla ce ƙirar 2012, mai inji lita 1.8 da giya otomatik, wadda na saya ta hannu a watan Yuni, kuma yanzu tafiyarta ta haura kilomita 187,000. An haɗa ta ne a masana'antar kamfanin da ke garin Cambridge a lardin Ontario, kuma takardunta sun nuna cewa tun da ta fito ba ta bar Kanada ba, abin da ke nufin duk shekarun nan tana taka gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Rasidan sabis da tsohon mai ita ya ba ni sun tsaya a 2021, saboda haka duk abin da ba ni da shaidarsa a rubuce zan ɗauka cewa ba a yi shi ba.

Wa'adin da ke gabana ba ni na sa shi ba. Dokar lardin Quebec ta wajabta wa duk ƙaramar motar da ke da rajista a lardin ta sa tayoyin sanyi a ƙafafunta huɗu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma tarar wanda aka kama babu su tana tsakanin dalar Kanada 200 zuwa 300, ban da kuɗin da ake ɗorawa a kai. Amma doka taya kawai ta ambata, alhali garin nan dusar ƙanƙarar da ke sauka masa a shekara tana wuce mita biyu, kuma a farkon Fabrairun bana sanyi ya kai kusa da digiri 30 ƙasa da sifili. A irin wannan yanayi batir mai rauni da tiyo mai tsatsa da ruwan lagireto da aka tsarma duk a rana ɗaya suke tona asirin kansu. Tun da kuɗin da na ware ba zai ɗauki komai ba, na tsara aikin bisa wannan jeri: abin da ke tsayar da mota shi ne farko, sai abin da ke tayar da ita, sai abin da ke sa direba ya ga gabansa, sauran kuma su jira bazara.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na kai ta garejin unguwarmu aka ɗaga ta sama, na nemi bakaniken ya bar ni in shiga ƙarƙashi tare da shi da fitila. Daga sama motar tsaf take, fentinta bai ko dusashe ba, amma ƙarƙashinta wani labari ne daban. Ƙarafan da ke riƙe da inji da ƙafafun gaba sun yi tsatsa ta sama-sama, wadda ya ƙwanƙwasa da guduma ya ce ba ta ci ciki ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki zuwa ƙafafun baya: a daidai inda maƙalai suka riƙe su, tsatsar ta kumbura tana ɓarewa idan aka sa farce. Nan ne gishiri da laka suke maƙalewa su kwana da danshi. Bututun da ya kai haka ba ya ba da sanarwa, yakan fashe ne a lokacin da aka taka birki da ƙarfi, wato a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Sauran abin da ya rubuta mini: fad ɗin birkin gaba saura milimita 4, takalman birkin baya suna da sauran rai, fambel ya fara tsattsagewa, batir ya yi rauni, ruwan lagireto ya canza launi, sannan faifan da ke kare bodi daga zafin salansa ya saki ta gefe guda, shi ne ƙarar da nake ji idan mota tana tsaye. Wannan na ƙarshe ya ɗaure shi da waya a wurin, bai karɓi komai ba.

Ina tsaye a ƙarƙashin motar na tuna da motocin da ake shigo da su gida daga Amurka da Kanada, waɗanda muke kira Beljiyam ko daga ina suka fito. Mai saye a Kano ko Kaduna yakan duba fenti da kujeru da sanyin esi, ya saurari ƙarar inji, amma da wuya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Motar da ta fito daga yankin da ake watsa gishiri ta riga ta ɗauko cutarta, kuma bushewar iskar arewa tana rage mata gudu ne kawai, ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Yau ranar taya ce, kuma ita ce ta fi cin lokaci. Mutane da yawa suna ɗauka cewa bambancin tayar sanyi da ta bazara a zanen da ke jikinta yake, amma babban bambancin a robar yake. Robar tayar da aka saba da ita tana fara taurarewa da zarar yanayi ya sauko ƙasa da digiri 7, ko da babu ƙanƙara a titi, sai ta daina kama kwalta yadda ya kamata. Robar tayar sanyi an haɗa ta ne don ta ci gaba da laushi a cikin tsananin sanyi, sannan an yi mata ƙananan tsagu masu yawa a kan kowane ƙulli, waɗanda ke buɗewa su ciji ƙanƙara idan taya ta juya. Shaidar da doka ta amince da ita a jikin taya ita ce hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Tayar da ke ɗauke da harufan M+S kaɗai ba ta wadatar ba.

Na fara da neman na hannu, domin a wannan wata tallarsu ta cika intanet. Na je ganin wasu guda huɗu da aka ce kaka biyu kawai suka yi. Zanensu da saura, amma na duba lambar da ke biye da harufan DOT a gefen taya, inda alƙaluma huɗu na ƙarshe suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, sai na ga 3815, wato mako na 38 na shekarar 2015. Taya mai shekara takwas robarta ta bushe ko da ba a taɓa hawanta ba, kuma laushin nan da ake sayen tayar sanyi dominsa shi ne abin da shekaru suke fara cinyewa. Wasu huɗun kuma na 2021 ne, amma da na sa ma'auni zurfin zanensu milimita 4 ne. Doka ta yarda har zuwa milimita 1.6, sai dai ƙungiyar masu motoci ta CAA-Québec tana ba da shawarar kada a shiga kakar sanyi da tayar da zanenta bai kai milimita 4.8 ba. Na bar su.

Daga ƙarshe na sayi sababbi masu matsakaicin farashi, girman 195/65R15 kamar yadda yake a takardar da ke manne a dokin ƙofar direba, tare da rim ɗin ƙarfe guda huɗu na hannu. Rim ɗin daban ƙarin kuɗi ne a yau, amma yana nufin ba za a riƙa ɓare taya ana mayarwa sau biyu a shekara ba, kuma zan iya canza su da kaina da jak. Na yi tunani a kan tayoyi masu ƙusoshi, waɗanda doka ta halatta daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu. Sun fi kowace taya kama ƙanƙara mai santsi, amma yawancin tafiyata a cikin gari take inda ake share titi ana watsa gishiri, kuma a kan busasshiyar kwalta ƙara suke yi ba tare da wani amfani ba. Da a ƙauye nake zaune da hukuncin ya bambanta.

Asabar, 21 ga Oktoba

Batir. Na auna shi da safe bayan motar ta kwana, ya nuna bolt 12.2, wanda kusan rabin caji ke nan, domin cikakken batir yana nuna 12.6. Da na tayar da inji awon ya hau zuwa 14.2, abin da ya wanke altaneto daga zargi. A shagon kayan mota suka gwada shi da na'urarsu: lambar CCA da aka rubuta a jikinsa 550 ce, amma abin da ya iya bayarwa bai kai 350 ba. Wannan lamba tana nuna yawan wutar da batir zai iya fitarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ita ce ya kamata mai zama a nan ya duba kafin farashi.

Sanyi yana cin batir ta fuska biyu a lokaci guda. Yana rage saurin aikin sinadaran da ke cikinsa, ta yadda wutar da zai bayar takan ragu sosai, sannan yana daskarar da baƙin mai, ta yadda kik yake bukatar wuta fiye da kullum kafin ya juya inji. Akwai kuma abu na uku da ban sani ba sai da na zo ƙasar nan, wato batirin da cajinsa ya ƙare ruwan cikinsa yana komawa kusan ruwa zalla, yana iya daskarewa ya fasa kwalin, alhali mai cikakken caji yana jure sanyin da ya fi duk wanda Montreal ke gani. Na sayi sabo, na mayar musu da tsohon aka cire mini kuɗin ajiya, na kankare kawunan da burushin waya, na shafa musu man da ke hana su yin fari.

Laraba, 25 ga Oktoba

An canza bututun birkin baya guda biyu, an sa na gaurayen tagulla da nikel wanda gishiri ba ya ci kamar yadda yake cin ƙarfe. Tun da an buɗe layin, aka zuƙe tsohon man birki gaba ɗaya aka zuba sabon DOT 3. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, kuma wanda ya fito daga motar ya yi duhu sosai. An sa sababbin fad a gaba, an goge sandunan da kalifa ke zamewa a kansu an shafa musu giris, an canza fambel. Wannan shi ne kuɗi mafi yawa da na kashe a rana ɗaya tun da na sayi motar, kuma babu wani abu a cikinsa da ido zai gani daga waje.

Asabar, 28 ga Oktoba

Yau na yi juye, kuma na canza ruwan lagireto, a harabar gidan wani dattijo ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin nan yana tuƙin tasi kafin ya huta. Shi ya ba ni aron wuri da kayan aiki, ya kuma zauna a kujera yana kallona.

Littafin motar ya ce a zuba mata baƙin mai 0W-20, kimanin lita 4.2 idan an canza filta. Wanda ya taso yana ganin ana zuba wa kowace mota 20W-50 zai ga wannan man kamar ruwa, har zuciyarsa ta ƙi amincewa da shi. Amma lambar farko tana nuna yadda mai ke gudana a cikin sanyi, kuma bisa ma'aunin da ake bi, ana gwada mai 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, shi kuwa 20W a digiri 15 kawai. A safiyar Janairu mai kauri yakan ɗauki lokaci kafin famfo ya tura shi zuwa saman inji, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu ne ƙarfe ke gogar ƙarfe. Zan riƙa yin juye duk kilomita 8,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, domin gajerun tafiye-tafiye a cikin sanyi ba sa barin inji ya yi zafin da zai ƙone danshin da ke taruwa a cikin mai.

Kafin in zubar da ruwan lagireto na gwada shi da ɗan ma'aunin da ake zuƙo ruwa da shi, ya nuna cewa zai daskare a wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Ke nan wani ya taɓa yi masa ciko da ruwa zalla. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ƙarin ya isa ya fasa lagireto ko ya tsaga jikin inji. Haɗin rabi da rabi na ruwa da sinadarin hana daskarewa yana jurewa har wajen digiri 35 ƙasa da sifili, shi kuwa ruwan lagireto mai launin hoda na kamfanin Toyota da ake sayarwa a Kanada an haɗa shi da kashi 55 na sinadari, yana kaiwa 42. Zuba sinadarin zalla ba dabara ba ce, domin shi kaɗai yana daskarewa a wajen digiri 13 ƙasa da sifili, sai an gauraya shi da ruwa yake kai ƙarfinsa. Jadawalin kamfanin ya ce a yi canjin farko a kilomita 160,000 ko shekara goma, motar kuwa ta wuce duka biyun.

Ina cikin aikin dattijon ya ce, “Malam, ka duba tamostat ɗin nan tun da ka riga ka zubar da ruwa. Kuma kada ka yi irin ta gida.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ban yi niyyar cire shi ba.”

Ya yi dariya ya ce ya ga waɗanda suka yi. Abin da yake nufi sananne ne ga duk wanda ya taɓa kai mota gareji a gida, inda bakanike da yawa suke cire tamostat su jefar, su kuma haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa na'urar ta ƙasar sanyi ce. Ko a can ban yarda da wannan hujja ba, domin an ƙera inji ne ya yi aiki a wani zafi na musamman, kuma injin da bai kai wannan zafi ba ya fi shan fetur. A nan kuwa abin ya wuce maganar fetur. Tamostat yana rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai kimanin digiri 82, kuma da wannan ruwan zafi ne hita ke ɗumama cikin mota ta narkar da ƙanƙarar gilashi. Motar da ba ta da shi, ko wadda nata ya maƙale a buɗe, direbanta zai yi ta tafiya cikin sanyi yana goge gilashi da hannu. Na canza shi da robarsa, domin kuɗinsa kaɗan ne kuma ba na son sake zubar da sabon ruwa a watan Janairu. Bayan na cika, na bar injin yana aiki da hita a buɗe har iska ta gama fita daga layin. Tsohon man da tsohon ruwan na zuba su a jarkoki daban-daban zan kai wurin karɓar shara mai guba na hukumar birni, domin ruwan yana da zaƙi kuma yana kashe dabbar da ta lasa.

Asabar, 4 ga Nuwamba

An fesa mata man hana tsatsa. Iri biyu ake yi: akwai baƙin shafi mai kauri da ke bushewa, akwai kuma mai ruwa-ruwa da ake maimaitawa kowace shekara. Ga sabuwar mota ana iya muhawara, amma ga wadda ta riga ta fara tsatsa na zaɓi mai ruwa-ruwan, saboda shafi mai bushewa yana iya rufe danshi a ƙarƙashinsa tsatsar ta ci gaba a ɓoye, shi kuwa mai yana ratsawa cikin haɗin ƙarafa ya kori ruwa. Sun fesa cikin ƙofofi da ƙarƙashin bodi da bayan tayoyi. Tana ta ɗiga tun da na dawo, an ce za ta yi haka na 'yan kwanaki.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya a daren jiya, yanzu magariba tana yi tun kafin ƙarfe biyar, wato duk dawowata daga aiki a cikin duhu za ta kasance. Na zagaya fitilu duka, na sami ƙwai ɗaya na lambar baya ya mutu na canza. Gilasan fitilun gaba sun yi hazo irin na tsufa, na goge su da abin gogewa har suka washe.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Yanayi ya zauna ƙasa da digiri 7, saboda haka na sa tayoyin ba tare da jiran wa'adin doka ba. Masu jiran makon ƙarshe na Nuwamba su ne ke rasa gurbi a gareji. Tayoyin nawa masu alkibla ne, akwai kibiya a gefensu da ke nuna inda za su juya, don haka biyu na dama ne biyu na hagu. Na kankare tsatsar da ke fuskar inda rim ke zama kafin in ɗora, domin rim ɗin da ya zauna a kan tsatsa yana iya sassautawa daga baya. Na ɗaure notocin da sifana mai awo a kan 103 na ma'aunin Nm, ina tsallakawa daga noti zuwa na gabansa ba a jere ba, kuma zan sake bin su bayan tafiyar kilomita 100. Tayoyin bazara na rubuta wa kowace gurbinta da alli, na wanke su, na jera su a ɗakin ajiya nesa da hita.

Iskar taya tana raguwa da kusan awo ɗaya na psi duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6. Tayar da aka cika yau za ta iya rasa awo huɗu ko biyar a tsakiyar Janairu ba tare da ta yi faci ba. Motata ba ta da fitilar da ke gargaɗi a kan wannan, don haka ma'aunin hannu ya koma zama a aljihun ƙofa, kuma awon da safe ake yinsa kafin taya ta yi zafi. Safaya ma na duba ta, na same ta kusan babu iska.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Yau aikin gani ne. Na sa waifa na sanyi, waɗanda aka lulluɓe ƙarafansu da roba don kada ƙanƙara ta shiga gaɓoɓinsu ta sandarar da su. Na fesa ragowar ruwan wanke gilashi na bazara har tankin ya ƙare, sannan na cika da wanda ke jure digiri 40 ƙasa da sifili, na kuma ajiye jarka guda a but. Wanda bai yi tuƙi a bayan babbar mota a kan titin da aka watsa wa gishiri ba, zai yi mamakin yadda ruwan nan ke ƙarewa, domin feshin da ke tasowa daga titi yana bushewa a gilashi ya zama fari cikin ɗan lokaci.

Na kuma gwada esi, abin da da farko na ɗauka ba shi da alaƙa da sanyi. Idan aka juya iska zuwa gilashin gaba, mota tana kunna kwamfuresan esi da kanta domin ya tsotse danshin iskar kafin hita ta ɗumama ta, kuma busasshiyar iska mai ɗumi ita ke kawar da hazon da numfashi ke yi wa gilashi. Nawa yana aiki. Filtar iskar cikin mota da ke bayan akwatin dashbod ta cika da ganye, na canza ta, nan take ƙarfin iskar ya ƙaru. Robobin ƙofofi na shafa musu man silikon don kada su manne da bodi bayan ruwan sama mai daskarewa, na cire tabarmin ƙafa na ƙyalle na sa na roba masu baki.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Na yanke shawara a kan na'urar ɗumama inji da ake jona wa wutar gida. Amfaninta a fili yake: awa biyu ko uku kafin fita sun isa su sa inji ya tashi cikin sauƙi kuma hita ta kawo ɗumi da wuri. Sai dai a bakin titi nake ajiye mota, ba kullum a wuri ɗaya ba, kuma ba zan ja waya ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa ba. Na bar ta, na dogara ga sabon batir da man 0W-20. Barin mota tana aiki a tsaye ma ba mafita ba ce, domin dokar birnin ta taƙaita shi zuwa minti uku, in ban da lokacin da sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, kuma inji ya fi saurin ɗumama idan ana tafiya a hankali.

Na haɗa kayan ko-ta-kwana a but: shebur, bargo, safar hannu da hula, tocila, wayar jan wuta daga batir zuwa batir, faranta masu haƙora da ake sa wa ƙarƙashin taya idan ta kafe, da ɗan dabino da biskit. Wani zai ce wannan ya yi yawa ga mai tuƙi a cikin gari, amma a daren 14 ga Maris, 2017, motoci kusan 300 ne suka kwana a kan babbar hanya ta 13 a cikin Montreal saboda guguwar dusar ƙanƙara, wasu fetur ɗinsu ya ƙare suna ciki. Ruwan sama mai daskarewa na 5 ga Afrilun bana kuma ya katse wa masu amfani da lantarki fiye da miliyan ɗaya wuta a lardin, gidan man da ba shi da wuta kuwa ba ya sayar da fetur. Saboda waɗannan biyun na ɗauki ƙa'idar cewa tanki ba zai sauka ƙasa da rabi ba har zuwa Afrilu. Burushin share dusa da maganin narkar da makulli ba a but suke ba, na farko yana bayan kujera, na biyu yana aljihun rigata, domin ba shi da amfani a cikin motar da ta ƙi buɗuwa.

Talata, 5 ga Disamba

Dusar ƙanƙara mai yawa ta sauka daga Lahadi zuwa jiya Litinin, ita ce gwajin farko. Kafin in kunna motar na fara haƙe bakin salansa da shebur, domin idan dusa ta toshe shi hayaƙin yana komawa cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, hukumomin lafiya na garin suna maimaita wannan gargaɗi bayan kowace guguwa. Na share rufin da fitilu da lamba gaba ɗaya, tun da doka ta hana tafiya da tulin dusar da za ta iya faɗo wa na baya. Inji ya tashi a murɗa ɗaya, hita ta fara kawo ɗumi kafin in fita daga unguwa, allurar zafi kuma ta tsaya a inda ya kamata.

Da dare na shiga wani filin ajiye motoci da babu kowa na gwada birki a gudun kilomita 30. Feda ta yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafata da ƙara, wanda shi ne aikin ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, kuma abin da ake so shi ne a danne a riƙe, kada a riƙa sakewa ana takawa. Motar ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ba. Na kuma sa manhajar Info-Neige, mai nuna lokacin da za a kwashe dusa a kowane layi, a waya, saboda idan an kafa alluna masu ruwan lemo na kwashe dusa a layinmu, motar da ba a matsar ba janye ta ake yi a ci tarar mai ita.

Abu biyu sun bayyana. Layi biyu na wayoyin da ke ɗumama gilashin baya ba sa aiki, sun bar ratsin ƙanƙara a tsakiya, akwai maganin shafawa da ake haɗa yankakken layi da shi, sai dai yana son ɗumi kafin ya kama, don haka zan nemi gareji mai rufi. Sannan shokozoban baya na dama yana ƙara da safe, ya daina idan an yi ɗan tafiya. Bakaniken ya ce in sa masa ido, idan ya fara zubar da mai a canza biyun tare. Fulogi suna jiran kilomita 192,000 kamar yadda jadawali ya tsara, wanda bisa tafiyata zai faɗo a wajen Maris, man giya kuma na bar shi sai bazara. Wankin ƙarƙashi zan riƙa yi a ranakun da sanyi ya sassauta, na farko ranar Asabar idan hasashen yanayi bai canza ba.